Filin Lafiyar Iyali: Yadda unguwa za ta riƙe tsofaffinta a ɗakunansu

Wasiƙun wannan watan a kan iyaye da kakanni ne da ke zaune a Jos. Likitan iyali da ma'aikaciyar jinya da likitan gashin ƙashi na wannan fili ne suka haɗu suka amsa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina aiki a Abuja, mahaifiyata tana Gangare, shekarunta 76. Tana da hawan jini, amma tana girkinta, tana zuwa Islamiyya. Na yi na yi ta dawo wurina, ta ƙi. Maƙwabta suna cewa "kar ka damu, muna nan", amma hankalina bai kwanta ba.
Mai karatu daga Kubwa, Abuja

AMSA: Wa'alaikumus salam. Malam, a ganinmu ka bar Hajiya a ɗakinta. Tsohuwar da ke girkinta, ta san ƙawayenta, ta san yaron da za ta aika, in aka kai ta gidan da kowa ke fita aiki tun safe, zama zai yi mata yawa, ƙafa ta yi sanyi, kaɗaici ya shigo. Abin da ake buƙata shi ne a tsara "muna nan" ɗin nan. Da zuciya ɗaya maƙwabta suke faɗa, sai dai aikin da ba a ɗora wa kowa ba, kowa zai zaci wani ya yi. Ta haka ake kwana biyu babu wanda ya leƙa.

Ka zo Jos ku zauna da Hajiya, ita ta zaɓi mutum 4 ko 5 da ta yarda da su, kowa da aikinsa. Ɗaya ta leƙo ta kafin ƙarfe 9 na safe, ta gan ta ido da ido, ba a waya ba. Ɗaya bayan Magariba. A bar makulli na biyu a gidan da ya fi kusa. A samu mai mota da ya amince a tashe shi ko tsakar dare ne, a ba shi kuɗin mai tun kafin a buƙaci. Wadda za ta riƙa ɗibar ruwa da wanki kuma ka yanka mata albashi, domin aikin kullum ba ya ɗorewa a kan kunya. Girki kuwa a bar wa Hajiya abinta, a dai kawo mata cefane.

A bayan ƙofa a manna takarda mai ɗauke da cututtukanta, sunayen magungunanta da yadda take sha, lambar katin asibiti, da lambobin waya uku. Ka saya mata na'urar awon jini irin ta damtse, ba ta wuyan hannu ba. Ta zauna minti 5 ta jingina baya, hannu a kan tebur daidai ƙirji, a auna sau biyu da tazarar minti ɗaya, sau biyu a mako, a rubuta a littafi. In yana yawan kai 140/90, a kai wa likita littafin. In ya kai 180/120 tare da ciwon kai, ciwon ƙirji ko dishi-dishin gani, asibiti nan take. Duk masu leƙo ta su san alamun shanyewar ɓarin jiki: baki ya karkace, hannu ɗaya ya saki, magana ta sarƙe. A duba agogo a riƙe lokacin da abin ya fara, kar a ba ta ruwa ko abinci don tana iya shaƙewa, a wuce babban asibiti kai tsaye, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) da ke Lamingo ko Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato.

TAMBAYA: Baba yana da shekara 81. Sau biyu ya faɗi cikin wata uku, duk da dare a hanyar bayi. Yayyena sun ce ya daina zuwa masallaci, ya zauna a ɗaki. Ya shiga damuwa sosai.
'Yarsa, daga Rikkos

AMSA: 'Yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum 28 zuwa 35 cikin 100 na masu shekara 65 zuwa sama suna faɗuwa kowace shekara, amma faɗuwa biyu a jere tana da dalili, kuma ana iya gano shi. Kulle shi a ɗaki ba magani ba ne: tsokar cinya na zubewa da sauri in ba a tafiya, faɗuwa ta gaba sai ta fi muni.

A fara da jini. Ya kwanta minti 5 a auna, ya miƙe tsaye a sake aunawa bayan minti 1 da bayan minti 3. In lambar sama ta sauka da 20 ko ta ƙasa da 10, jininsa na faɗuwa in ya tashi, shi ne jirin da ke ɗibarsa. Maganin hawan jini mai sa fitsari da ake sha da yamma, da maganin barci irin diazepam, da wasu magungunan mura masu sa gyangyaɗi, duk suna jawo haka. Kar ku tsayar da komai da kanku, ku kwashi magungunan duka ku kai wa likita. Ku faɗa masa sau nawa Baba ke tashi fitsari, domin ciwon suga ko kumburin mafitsara na iya zama tushen fitar daren. A kuma duba ido, yanar ido ana cire ta da ƙaramin aiki.

Sai gidan. Ki bi hanyar da yake bi daga gado zuwa bayi da dare, da idonki. A sa fitilar sola da za ta kwana a kunne. A ɗauke tabarma da ledar ɗaki da bakinta ya tashi. A kankare gansakukar da daminar Jos ke bari a tsakar gida. Silifas ya koma takalmi mai riƙe dunduniya. Tsugunno a masai yana da wuyar tashi: kafinta ya yi kujera mai rami, tsayinta kamar santimita 45, mai walda kuma ya kafa ƙarfen dafawa a bango, kamar santimita 85 daga ƙasa, a dasa shi da siminti. Wanda aka buga da ƙusa yana tumɓukewa ne daidai lokacin da aka dogara da shi. Da dare a ajiye masa fo kusa da gado, kuma ya riƙa zama a bakin gado minti ɗaya kafin ya miƙe.

Sanda ta kai daidai wuyan hannunsa in yana tsaye, da roba a gindinta, ya riƙe ta a hannun da ke ɗaya ɓangaren ƙafar da ke ciwo. Ga gwaji mai sauƙi: ya tashi daga kujera, ya yi tafiyar mita 3, ya juyo ya zauna. In ya ɗauki daƙiƙa 12 ko fiye, a nemi likitan gashin ƙashi. Kullum ya tashi ya zauna a kujera sau 10, safe da yamma, wani na tsaye kusa.

Masallaci kuwa a nema masa ɗan rakiya, jika ko maƙwabcin da suke sahu ɗaya, a fara da Azahar da La'asar da ake da haske. A roƙi liman a ajiye kujera. Hadisin Imrana bin Husaini ya halatta salla a zaune ga wanda ya kasa tsayuwa. In ya sake faɗuwa ya kasa taka ƙafa, ko ƙafar ta gajarce ta juya waje, kar a ɗaga shi tsaye, kar a kai shi wurin mai ɗori kafin a ɗauki hoton ƙugu.

TAMBAYA: Kakarmu ba ta jure sanyi. Da hunturu muna sa mata kaskon garwashi a ɗaki mu rufe ƙofa. Wata ta ce da haɗari. Gaskiya ne?
Jikanya, daga Unguwar Rogo

AMSA: Gaskiya ne, ku daina daga yau. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar guba marar wari marar launi, wadda ke hana jini ɗaukar iskar numfashi. Mai ido biyu zai ji ciwon kai da jiri da tashin zuciya, mai barci kuwa yana iya wucewa bai farka ba. Haka hayaƙin janareta a bakin taga.

Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, sanyin Disamba da Janairu ba wasa ba ne ga tsoho. A toshe kafofin taga, a ɗaga katifa daga kan siminti, ta sa kaya biyu ko uku marasa nauyi a kan juna, da hula da safa. Gorar ruwan ɗumi a naɗe ta da zani. Mai ciwon suga kar a sa masa a ƙafa, yana iya ƙonewa bai ji ba. Wanka da rana tsaka, a shafa mai. Tsoho ba ya jin ƙishi sosai, balle da sanyi, don haka a riƙa miƙa mata ruwan ɗumi, kunu ko shayi, kofi 6 zuwa 8 a yini, sai in likita ya taƙaita mata saboda zuciya ko ƙoda.

TAMBAYA: Salama. Mu Zumuntar Mata ne a wani coci. Kowace Kirsimeti muna raba wa tsofaffi shinkafa, amma muna so mu yi abin da ya fi haka. Muna da ɗan kuɗin adashi.
Sakatariya, daga Tudun Wada, Jos

AMSA: Mama, Allah ya saka. Amsar nan ta shafi kwamitin masallaci da 'yan agaji ma. Ku fara da littafi: ku bi gida-gida ku rubuta tsofaffin layinku, ko wane addini suke bi, ku ware masu zama su kaɗai, masu fita da taimako, da na kwance. Na farko suna buƙatar leƙawa kullum, na biyu rakiya zuwa asibiti da wurin ibada. Na kwance kuwa, babbar gudummawa ita ce ku karɓi mai jinya rabin yini a mako ta huta, ku koya mata juya majiyyaci duk awa 2 don kar gyambon kwanciya ya fito a ƙugu da dunduniya.

Kuɗin ku raba biyu. Kashi ɗaya a sayi kayan aro: na'urar awon jini, ta awon suga, keken guragu, kujerar bayi, sanda mai ƙafa huɗu, a riƙa rubuta wanda ya ara. Ɗaya kashin a ajiye don motar gaggawa. Ku haɗa kai da asibitin matakin farko na mazaɓarku, ku je ofishin PLASCHEMA, hukumar inshorar lafiya ta jihar, ku tambayi yadda za a yi wa tsofaffinku rajista. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta sa tsofaffi cikin masu raunin da aka yi wa tanadi.

Kar ku raba magani. Diclofenac da ibuprofen da haɗin kemis na ciwon gwiwa suna cin ciki, suna taɓa ƙoda, suna ƙara hawan jini. Abinci kuma ba shinkafa kaɗai ba: tsoho mai kilo 60 yana buƙatar kamar giram 60 na sinadarin gina jiki (furotin) a yini, in ba shi da ciwon ƙoda, ƙwai ɗaya kuwa giram 6 na sinadarin yake ɗauke da shi. Awara, alale, nono, da gwaten acca da aka zuba wa wake ko kifi suna tafiya ko ba haƙori. Ku riƙa ziyara bibbiyu, kuma kar kowa ya karɓi katin cirar kuɗin tsoho.

TAMBAYA: Jiya Inna lafiya ƙalau, yau ba ta gane mu, tana surutai. Wasu na cewa aljanu, wasu har suna raɗe-raɗin maita.
Mai karatu daga Bukur

AMSA: Ɗan'uwa, ku kai ta asibiti yau. Gigin tsufa a hankali yake zuwa, cikin watanni da shekaru. Ruɗewar da ta zo cikin kwana ɗaya ko biyu yawanci ciwo ne a jiki: sanyin mafitsara, ciwon huhu, zazzaɓin cizon sauro, ƙarancin ruwa, sabon magani, ko faɗuwar suga. In tana shan maganin suga kuma tana gumi da karkarwa, tana iya haɗiya, a dama sukari ƙaramin cokali 3 a ruwa a ba ta kafin ku fita. Ku tafi da duk magungunanta. Maganar maita kuma mai unguwa da liman ko fasto su tsawatar tun yanzu, kuma wanda ta fi sabawa da shi ya kwana tare da ita a asibitin.