Maganin barci ba a yanke shi dare ɗaya

Tambaya: Likita ya ɗora ni kan diazepam bayan rasuwar mijina, yau wata takwas ke nan. Na daina kwana uku, sai rawar hannu da faɗuwar gaba, ko runtsawa ban yi ba. Na zama 'yar ƙwaya ne?

Amsa: Allah ya jiƙansa da rahama. 'Yar uwa ki kwantar da hankalinki, ba ki yi laifin komai ba, jikinki ne ya saba da abin da aka rubuta miki. Su diazepam, bromazepam, alprazolam duk dangi ɗaya ne, kuma tun 1988 hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta ce kada a wuce sati 2 zuwa 4 ana sha, ke kuwa aka bar ki wata takwas. Don Allah kar ki sake yankewa kwatsam, yana iya jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya. Ki koma asibiti yau, ki ce a rubuta miki tsarin ragewa a takarda, kamar kashi 5 zuwa 10 cikin 100 duk sati biyu, ko da zai ɗau watanni. In likitan ya ce ai zargin zuciya ne kawai, ki nemi wani, haƙƙinki ne. Farfesa Heather Ashton, wata likita, ta yi shekara 12 a Newcastle ta Birtaniya tana sauraren masu irin kukanki, daga bakinsu ta tsara hanyar ragewar nan.

Tambaya: Tsakanin Lexotan da Valium wanne ya fi ƙarfi? Ina so in saya in ajiye.

Amsa: Ka ajiye ka yi me da shi, malam? Lexotan shi ne bromazepam, Valium kuma diazepam, amma ba zan zaɓar maka ba. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya ke nan, mutum ya yi oda ta intanet ba takardar likita, a kawo masa kati mai sheƙi, tambari ras, alhali ƙwayar a ɗakin wani aka buga ta, bai san me ke ciki ba bare nawa, an sha samun fentanyl, wani maganin kashe zafi mai tsananin ƙarfi, a irin jabun nan, ya haɗa da giya ko kodin numfashi ya tsaya yana barci. Kuɗinka ya tafi, wataƙila har da ranka.

Tambaya: Mahaifiyata mai shekara 70 tana shan irin wannan maganin barcin, ta faɗi sau biyu a banɗaki.

Amsa: Maganin na kawo jiri da mantuwa ga tsofaffi. Kwashi duk magungunanta a leda ka raka ta wurin likita, kar ka ɓoye mata su.