Amsa kan ma'anar kalmar Kabbala

Malam, ka tambaya ko Kabbala sunan wata ƙungiyar asiri ce ta Yahudawa. A'a. Kalmar Ibrananci ce mai nufin karɓa, wato ilimin da almajiri ya karɓa daga bakin malaminsa. Tushenta ɗaya da "ƙabuli" na Larabci, wanda muke ji a ijabi da ƙabuli wajen ɗaurin aure.

Da farko, a wurin Yahudawa, duk koyarwar addini da aka gada ake kira haka. Sai a ƙarni na 12 da na 13, a kudancin Faransa da Sifen, sunan ya koma kan ilimin baɗini kaɗai. A ƙarshen ƙarni na 13 littafin Zohar ya bayyana a Sifen da harshen Aramaik, masana kuma suna danganta mafi yawansa ga Musa de Leon. Yana magana kan sefirot goma, hanyoyin da malaman Kabbala suka ce Ubangiji yake bayyana ta cikinsu. Wasu na kwatanta abin da sufanci, amma ni ina ganin kamannin na sama-sama ne, domin aƙidojin sun sha bamban.

A Isra'ila yau kuwa, ko rasit ɗin da mai kanti ya miƙa maka sunansa kabbala.