Ƙanwata, ga abin da na gani a LinkedIn

Wa alaikumus salam. Kin ce tun bara kika gama bautar ƙasa, wata shida ke nan kina tura takardun neman aiki ta LinkedIn, dandalin ma'aikata da masu neman aiki a intanet, shiru kamar an aiki bawa garinsu, har kin fara zargin ko sai mai hanya ake ɗauka.

Ana samu, ni ma ta nan na samu nawa. Sai dai na kwashe shekara guda ina ɓata lokaci. A ƙarƙashin sunana a shafina na rubuta wai ni matashi ne mai ƙwazo da ke neman aiki. To wa zai nemi wannan? Masu ɗaukar ma'aikata kalma suke bugawa a wurin bincike, kamar Excel ko KoboToolbox (manhajar tattara bayanai da waya), su zaɓi gari, sai masu wannan kalma a shafinsu su fito. Ranar da yayana ya leƙa shafina sai da ya yi dariya. Ya sa na goge, na rubuta abin da hannuna ya taɓa yi: tattara bayanan rigakafi da waya a ƙauyuka, da haɗa rahoton wata-wata. Hoton ɗaurin auren abokina ma na cire shi. Ba a yi wata ba, wata ma'aikaciyar ƙungiyar agaji a Maiduguri ta turo min saƙo da kanta.

Wancan maɓallin na Easy Apply, na tura takardar neman aiki nan take, kuwa, kowa ma dannawa yake yi, kada ki dogara da shi. Ki buɗe shafin jami'arku a LinkedIn, akwai wurin da ke nuna tsofaffin ɗalibai da inda kowa yake aiki. Ki zaɓi wanda ke ma'aikatar da kike so, ki gaishe shi, ki yi masa tambaya ɗaya tak a kan aikin. Ban da “don Allah a taimaka min da aiki”, wannan ko ni ba na iya amsawa, don ban san me mutum ya iya ba.

Sai 'yan damfara. Da kunya nake faɗa, na taɓa tura wa wani naira 15,000 kuɗin fom, washegari shafin ya ɓace. Duk wanda ya nemi kuɗi kafin intabiyu, ki toshe shi kawai.

Kada ki sayi Premium, wato tsarin LinkedIn na biyan kuɗi, yanzu, na kyautar ya ishe ki. Ki gyara layin nan na ƙarƙashin sunanki yau, ki kawo mana mu duba.