Arkham Horror da iyali: zai yiwu, amma a shirya

Ɗan uwa, ka tambaya ko Arkham Horror, wasan allo da katuna na yaƙi da dodanni, zai dace da iyalinka da abokai, tunda ka ji ana cewa yana cin lokaci. Zai dace ƙwarai, amma sai an shirya masa.

Bugun 2005 na kamfanin Fantasy Flight yana ɗaukar mutum 1 zuwa 8, kuma an ƙiyasta masa awa 2 zuwa 4. Idan sababbi ne ku, zai wuce haka. Ku tsaya a mutum huɗu ko biyar, domin jiran juyi ya zagayo shi ke gajiyar da mutane. Wani ya karanta dokokin tun da wuri, ya jera allo da katuna kafin a hallara.

Dukanku gefe ɗaya kuke, kuna rufe ƙofofin da dodanni ke ɓullowa kafin babban dodon ya farka. A ci tare, a faɗi tare. To a nan ne nake son ka sa ido sosai: wanda ya fi sanin wasan yakan fara yanke wa kowa hukunci, sauran su zama 'yan kallo. Kada ka bari. Ƙanwarka ta shiga inda ranta ya so, ko da kana hango halaka a ciki, ita ma ta karanta katinta da babbar murya kowa ya ji abin da ya same ta. Daɗin wasan yana nan.

Ku huta a tsakiya. Ƙananan yara kuwa a bar su sai sun ƙara girma, hotunan suna da firgitarwa.