Inda Za Mu Samo Bawul Na Rediyon R-390A

Yarona, ka tambaye ni dalilin da ya sa muke wahalar neman tsofaffin bawul, wato kwalaben gilashin nan marasa iska da ke sarrafa wuta a cikin tsofaffin rediyo, don rediyon sojan Amurka ƙirar R-390A, alhali ka ji cewa har yanzu ana ƙera sababbi. Abin da ka ji gaskiya ne, sai dai ba irin namu ake ƙerawa ba. Kamfanin JJ Electronic na ƙasar Silobakiya da masana'antar birnin Saratov ta Rasha sun fi mayar da hankali kan bawul masu lamba 12AX7 da EL34 da 6L6, domin masu amfilifayar jita da masu sha'awar kayan sauti su ne kasuwarsu. A cikin bawul 26 da ke cikin wannan rediyo, wanda kamfanin Collins ya tsara a shekarun 1950, da wuya ka sami sabon wani in ban da 12AU7, wanda yake iya zama a gurbin 5814A.

In ka duba cikin kwalbar da kyau za ka gane dalili. Katod ɗin, wato ɓangaren da ke fitar da lantarki idan ya yi zafi, nikel ne da aka shafa wa sinadaran bariyom da sitirontiyom, girid ɗin kuwa, mai sarrafa wucewar lantarkin, waya ce siririya kamar gashi da aka naɗa da tazarar da ba ta yarda da kuskure, kuma kowane nau'in bawul yana da nasa injin naɗi da nasa ma'auni. Da tiransisto, ɗan ƙaramin abin da ya maye gurbin bawul, ya kwashe kasuwa, manyan masana'antu suka yi ta rufewa, har kamfanin RCA na Amurka ya rufe tasa ta Harrison a jihar New Jersey a 1976. R-390A da aka ƙera gaba ɗaya sun ɗan haura 50,000, kuma babu mai zuba jari ya sake kafa injina saboda waɗanda suka rage a hannun masu sha'awa.

Abin da ya cece mu shi ne sojoji sun sayi bawul fiye da buƙatarsu sun tara a rumbuna, daga baya aka yi gwanjonsu. Na Amurka za ka ga an buga musu JAN, alamar sun cika sharuɗɗan sojan ƙasa da na ruwa, na Ingila kuwa lambarsu tana farawa da CV. Bawul ɗin da ba a taɓa kunnawa ba yana shekaru hamsin a kwali lafiya lau muddin iska ba ta shige shi ba. Saboda haka ka fara duba tabon nan mai ƙyallin azurfa a jikin gilashi, idan ya koma fari fat to iska ta shiga, kada ka ɓata kuɗinka. Ka gwada shi a na'urar gwaji, amma ka sani rediyon ne yake yanke hukunci na ƙarshe. Abin da ba na so ko kaɗan shi ne a tuge bawul masu aiki gaba ɗaya don kawai sun tsufa, domin sau da yawa tsohon kondensa, mai adana wuta, ne yake yoyo, kuma duk bawul ɗin da aka zubar ba a ƙera madadinsa.

Guda biyu ne za su ba ka wahala. Na farko 3TF7, wanda aikinsa daidaita wutar da ke ɗumama bawul biyu masu lamba 5749, kuma ya yi ƙaranci da tsada. Layin da ke ɗumama su yana kawo bolt 25.2, su biyun suna cin 12.6 a kan amfiya 0.3, saura 12.6 ke nan da za a rage, saboda haka rizisto, wato mai rage ƙarfin wuta, mai om 42 da zai jure wat 10 yana tare gurbinsa, ko da yake ba zai daidaita wuta kamar na asali ba. Na biyu 26Z5W, mai mayar da wutar layi ta zama miƙaƙƙiya. Ana maye shi da dayod na silikon, amma ƙarfin wutar zai ƙaru, kuma za ta iso nan take kafin sauran bawul su yi ɗumi, don haka sai ka sa mita ka auna, ka rage ta da rizisto idan ta wuce abin da littafin gyaran ya kayyade.