Amsa: An gayyace ni cin abinci a gastropub a ƙauyen Ingila, me zan ci, me zan kiyaye?

'Yar'uwa, kin ce abokan aikinki sun shirya cin abincin rana ranar Lahadi a wani gastropub da ke ƙauye, kina son sanin yadda wurin yake da abin da Musulma za ta iya ci a ciki. Wurin dai mashaya ce ta asali, ana sayar da giya, sai dai abinci ne ke riƙe da kasuwarta. Batun halaccin zama a irin wannan wuri na malamai ne, ki tambayi wanda kika yarda da iliminsa. Ni zan tsaya kan abinci da tsarin wurin.

Sunan ya fito ne daga 1991, lokacin da David Eyre da Mike Belben suka karɓi mashayar The Eagle a unguwar Clerkenwell ta Landan suka fara girki na gaske a cikinta. Daga nan abin ya bazu ƙauyuka, har The Hand and Flowers ta Tom Kerridge a garin Marlow ta zama mashaya ta farko da ta samu taurarin Michelin biyu, wato lambar yabon da ake ba gidajen abinci mafiya ƙwarewa, a 2011. Mafi yawansu ba su kai nan ba. Tsohon gini za ki tarar, rufi ƙasa-ƙasa, murhun itace a lokacin sanyi, kuma sau da yawa da karnuka kwance ƙarƙashin tebur a ɓangaren masu sha. Idan ba kya son kare ya shinshina miki tufafi, ki ce a ba ku tebur a ɗakin cin abinci, yawancin wuraren ba sa barin kare shiga can.

Abin da zai fi amfanar ki shi ne ki buga waya kwana biyu ko uku kafin ranar, wajen ƙarfe 3 zuwa 5 na yamma, lokacin da kicin ya lafa. Wurin kirki komai a kicin ɗinsa ake haɗawa, don haka kuku ya san abin da ya zuba a kowace tukunya, kuma zai iya canza miki idan ya sani da wuri. Ranar Lahadi da ƙarfe ɗaya, kicin cike da oda, ba wanda zai tsaya sake miki miya. Kada ki dogara da jerin abincin da ke intanet, domin yana canzawa kusan kowane mako, wani wurin ma kullum, ana rubuta na ranar da alli a allo.

Nama tukuna. In sun ce "na gida ne", suna nufin daga gonar da ke kusa, an yanka a mahautar yankin, kuma da wuya ya zama yankan Musulmi. Ki ɗauka ba halal ba ne sai in sun faɗa miki da bakinsu kuma sun ambaci inda suka saya. Haka naman daji: barewa, da tsuntsun grouse da ake fara harbinsa 12 ga Agusta, da tsuntsun pheasant daga 1 ga Oktoba zuwa 1 ga Fabrairu. Harbe su ake yi, har akan ci karo da ƙwayar harsashi a cikin tsoka. Saboda haka kifi da kayan lambu su ne hanyarki, amma a nan ne mutane suka fi yin tuntuɓe, don abin da ake gudu ba ya bayyana a sunan abincin.

Soyayyen kifi da dankali, wanda kowa ke ɗauka shi ne mafaka, yawanci da giya ake kwaɓa fulawar da ake tsoma kifin a ciki, don iskar da ke cikin giyar ke sa ɓawon ya yi garas-garas. Ki ce a gasa miki kifin ko a soya shi a kasko da bota, ba fulawa. Dankalin kuma a wuraren da ke alfahari da girkin gargajiya da kitsen saniya ake soya shi, gasasshen dankalin Lahadi kuwa da kitsen agwagwa ko na dinya. Ko da man gyaɗa ko wani man tsiro ne, ki tambaya ko a cikin mai ɗaya ake soya scotch egg, wato ƙwai da aka naɗe da niƙaƙƙen naman alade. Ƙananan kicin da yawa kaskon suya ɗaya ko biyu gare su. Dafaffen sabon dankali da bota ya fi sauƙin sha'ani, kuma daga Afrilu zuwa Yuli, lokacin dankalin Jersey Royal, ya ma fi soyayyen daɗi.

Sai romo. Romo mai launin ruwan ƙasa da ake kwararawa a kan gasasshen nama daga ƙashi ake dafa shi, sau da yawa da jan ruwan inabi mai sa maye. Farar miyar da ke raka kifi kan fara ne da farin ruwan inabi da aka tafasa har ya ƙafe kafin a zuba kirim. Haka risotto, wato shinkafar Italiya mai laushi, haka mussels, wato ƙananan halittun ruwa masu ɓawo, da ake dafawa da ruwan inabi ko cider. Ki lura, cider a Ingila barasa ce ta tuffa, ba ruwan tuffa zalla ba. Kabeji da koren wake ma akan watsa musu gutsattsarin naman alade don ƙamshi, a rubuce za ki ga bacon, lardons ko pancetta, wani lokaci ba a ma rubutawa. Black pudding jini ne, yawanci na alade, kuma suna son ɗora shi kusa da scallops, wata halittar ruwa mai ɓawo. Ɓawon pie na gargajiya da kitsen alade ko na saniya ake murza shi.

Akwai kuskuren da ake yawan yi: mutum ya karɓi takardar abubuwan da jiki ke ƙi ya ga babu komai, ya saki jiki. Dokar Birtaniya ta wajabta bayyana abubuwa 14 ne, irin su gyaɗa, madara, ƙwai, kifi da riɗi. Alade da barasa ba sa cikinsu. Alamar V ma, wadda ake sa wa abincin marasa cin nama, nama kawai ta kore, ba ta kore ruwan inabi ba. Don haka tambayarki ta zama guda uku a fili: akwai alade ko kitsen dabba, akwai barasa ko da a miya, da wane mai aka soya. Faɗin "halal nake ci" kawai ba ya isa, yarinyar da ke kawo abinci tana iya zama ɗalibar ƙauyen da ba ta san iyakar kalmar ba. Ki roƙe ta ta shiga ta tambayi kuku, ba sa jin haushin haka.

Abin da za ki samu ya danganta da wata. Asparagus ta Ingila, wani siririn koren tsiro da ake ci, daga 23 ga Afrilu zuwa 21 ga Yuni take, da ƙwai da bota kawai ake kawo ta, ki ɗauka in kin gani. Yuni zuwa Agusta akwai kifin mackerel, ƙaguwa, tumatir da strawberry. Daga Satumba sai kabewa, naman kaza na daji, wato mushroom, da tuffa. Janairu zuwa Maris akwai jan rhubarb, wani kara mai tsami, na Yorkshire da ake nomawa cikin duhu, da tushe-tushe irin su beetroot. Idan kin ga asparagus a watan Disamba a wurin da ke cewa abincinsa na yanayi ne, to ki san akwai ƙarin gishiri a maganarsu.

A kayan zaki, crumble na tuffa ko rhubarb da sticky toffee pudding, wanda da dabino ake yi, galibi lafiya lau ne, amma ki tambaya ko an sa barasar rum a miyar. Panna cotta da jelly da gelatin ake daskarar da su, sau da yawa na alade. Trifle na da sherry, kek ɗin Kirsimeti na da brandy, dukansu barasa ne. Abin sha kuwa, ruwan tuffa na gonar yankin, elderflower, ko lemun tsami da soda. Shandy rabinsa giya ne. Ginger beer yawanci ba barasa, amma akwai mai ita, kamar Crabbie's, ki duba kwalbar. Ruwan famfo kyauta ne, doka ta tilasta wa duk mai lasisin sayar da barasa a Ingila ya bayar in an nema.

Ba za ki ji yaji ba ko kaɗan. Zafin da suke da shi na mustard da horseradish ne, a hanci yake hawa, ki taɓa kaɗan da bakin wuƙa kafin ki shafa.

Kuɗi: babban faranti kan kama tsakanin fam 18 zuwa 30, in kin haɗa da ƙaramin farantin farko da kayan zaki ki tanadi fam 40 zuwa 55. Ki duba ko farantin ya haɗa da kayan lambu, don wasu wuraren daban suke sayar da su. Akan ƙara kashi 10 ko 12.5 cikin ɗari na hidima a takardar kuɗi, ba dole ba ne, kuma tun Oktoban 2024 doka ta ce duka na ma'aikata ne. In an riga an ƙara, ba sai kin sake ba da komai ba. Tunda ku da yawa ne, tun kafin a fara ki ce za ki biya naki daban, in ba haka ba a raba daidai ki tarar kin biya kuɗin giyar wasu.

Kicin na Lahadi kan rufe wajen ƙarfe 4 ko 5, kuma abin da aka fi so yakan ƙare kafin 3, farantin kifi ma kaɗan suke tanada ranar, shi ya sa ya kamata a ajiye miki tun a waya. Bas a ƙauyuka da yawa ba ya aiki ranar Lahadi, tasin Uber kuma ba ta cika kaiwa can ba, sabis ɗin waya ma yakan ɗauke cikin waɗannan gine-gine masu kaurin bango. Ki shirya tasin komawa tun daga gida, ko ki san wanda zai tuƙa ku kuma ki tabbatar ba ya sha. A watan Disamba rana na faɗuwa wajen ƙarfe 4, azahar da la'asar da magariba duk a matse suke, don haka ki fita da alwala da ƙaramar darduma a jaka.