Filin Lafiya: An ce ina gab da ciwon suga, me zan ci?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kasuwar Barci, shekaruna 46. Makon jiya aka ɗebi jinina da safe kafin in karya, sakamako ya nuna 6.3. Likita ya ce ban kamu da ciwon suga ba amma ina gab da shi, bai kuma rubuta mini magani ba. A gida an hana ni tuwo da shinkafa, abokai sun ce in dage da shan ruwan shuwaka. Me ya kamata in ci? Kuma sai na sayi na'urar gwaji? Daga mai karatu a Tudun Wada, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Idan mutum ya kwana bai ci komai ba na awa 8, sukarin jininsa ya kamata ya tsaya ƙasa da 5.6. Daga 5.6 zuwa 6.9 shi ne matakin da kake, daga 7.0 zuwa sama, in an maimaita gwajin ya tabbata, ciwon suga ne. Wasu na'urorin da wani ma'aunin suke aiki, za ka ga 100 zuwa 125. Raba lambar da 18, za ta ba ka ta farkon. Abin da ke faruwa shi ne jikinka ya fara ƙin jin sinadarin insulin mai shigar da sukari cikin tsoka, yawanci saboda kitsen tumbi da yawan zama. A wannan mataki ana iya juya lamarin. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2002 ya nuna cewa waɗanda aka ɗora kan rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari. Mai kilo 90, kilo 6 ke nan ake nema ya sauke.

A ganinmu iyalinka sun fara daga inda bai dace ba. Kafin a taɓa kwanon tuwo, a duba kofi. Sukarin da aka sha ya fi wanda aka tauna saurin shiga jini, kuma ba ya ƙosarwa. Kwalbar lemo ta 35cl tana ɗauke da kusan cokalin shayi 9 na sukari, kwalbar malt ma ba ta gaza haka ba, duk da mutane na ganin ta fi lafiya. Ƙara da shayin mai shayi da safe, wanda aka zuba wa madarar gwangwani mai zaƙi da Milo da sukari, sai zoɓo ko kunun aya na roba da rana a bakin shago. Wannan yana cikin abin da ke iya kai mutum 6.3. Ka yanke lemo da malt gaba ɗaya. Zoɓo a dafa a gida da citta da kanumfari ba sukari. Fura a dama da nono zalla, ƙaramin kofi, don gero ma yana ɗaga sukari. Zuma da mazarƙwaila ba mafita ba ne, sukari ne su ma.

Tuwo kuwa ba a hana ka ba, malmalar ce za a rage. Raba farantinka: rabi ganye da kayan lambu, kwata nama ko kifi ko ƙwai ko wake ko awara, kwata tuwo ko shinkafa, kwatankwacin dunƙulen hannunka ɗaya. Miya ta yawaita, ta kuka ko kuɓewa ko alayyafo ko zogale, amma a rage mai. Fara da kwaɗon rama ko zogale da ƙuli-ƙuli kafin ka kai hannu ga tuwon. Dawa da gero da aka niƙa da dusarsu sun fi surfaffiyar masara da tuwon shinkafa, saboda dusar tana jinkirta narkewa. Shinkafa da wake, a rinjayar da waken. Da safe, ƙosai ko alala ko dafaffen ƙwai sun fi farin burodi nesa ba kusa ba. Kuskuren da muka fi gani shi ne mutum ya koma alkama ko acca don an ce "abincin masu suga" ne, ya riƙa cin malmala uku. Jini bai san sunan hatsi ba, yawansa yake gani. Lemon zaƙi ɗaya ko gwaiba ko yankan gwanda ba laifi, a ci shi yadda yake maimakon a matse ruwansa. Rake da tulin dabino da mangwaro biyar a zama ɗaya, a'a.

Shuwaka miya ce mai kyau, amma ɗacinta ba ya goge sukarin lemon da aka sha, kuma jiƙe-jiƙen da ba a san me aka haɗa ba suna iya taɓa ƙoda ko hanta.

Tafiya da sauri ta minti 30, kwana 5 a mako, har ka ji numfashinka ya ɗan ɗaga. In lokaci ya yi wuya, minti 10 zuwa 15 bayan cin abinci yana rage hawan sukari sosai. Zaɓi masallaci mai ɗan nisa don Isha'i ka taka. Auna ƙugunka daidai cibiya da tef ɗin tela: namiji ya nemi ƙasa da santimita 94, mace ƙasa da 80.

Na'ura ba dole ba ce a matakinka, kuma tsire yatsa kullum ɓarnar kuɗi ne. In ka saya, yi amfani da ita don gane abincinka: gwada kafin ci, sannan awa 2 daga lomar farko. Ana so lambar bayan cin ta tsaya ƙasa da 7.8. In ta wuce, rage malmalar ka sake gwadawa wata rana. Wanke hannu da sabulu ka busar, don ragowar mangwaro a yatsa tana ba da lambar ƙarya. Kada a bar tsinken gwajin da ake ɗiga wa jini cikin mota da zafin rana ko kwalbarsa a buɗe da damina, a kuma duba ranar lalacewarsa. Da hunturu a ɗumama hannu, kar a matse yatsa da ƙarfi. Na'urar gida tana iya kaucewa da kusan kashi 15 cikin ɗari, saboda haka hukunci na ɗakin gwaji ne: koma bayan wata 3 zuwa 6, daga nan aƙalla sau ɗaya a shekara, a auna har da hawan jini. Yawan fitsari da dare, ƙishirwa, rama ba dalili ko dishi-dishin gani, kar ka jira lokacin ya cika.

TAMBAYA: Gwajin HbA1c ɗina ya nuna 5.9. Ni AS ce, kuma na yi wata huɗu ina shan maganin ƙara ƙiba da wata ƙawa ta ba ni. Akwai alaƙa? Daga wata baiwar Allah a Kawo.

AMSA: Hajiya, akwai. HbA1c yana nuna matsakaicin sukari na wata 2 zuwa 3, kuma 5.7 zuwa 6.4 shi ne matakin gab da ciwon suga. Sai dai wasu injinan gwajin suna kuskure ga masu AS, haka ma ga mai ƙarancin jini, don haka ki gaya wa likita a haɗa da gwajin safe kafin karyawa. Magungunan ƙara ƙiba da yawa suna ɗauke da dexamethasone, wanda ke ɗaga sukari da hawan jini. Kada ki yanke shi rana ɗaya bayan wata huɗu, yin haka yana da haɗari. Ɗauki kwalin ki kai wa likita a wannan makon ya tsara miki yadda za ki rage shi sannu a hankali, sannan a sake gwajin.